Wai mece ce draconian, kuma daga ina Bature ya samo ta?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar koyon aikin jarida ce, yanzu haka ina sanin makamar aiki a wani gidan rediyo. An ba ni labari in fassara, a ciki wata ƙungiya ta ce wani ƙudurin doka da ke gaban majalisa draconian ne. Na duba a waya aka ce min 'mai tsanani', na rubuta 'doka mai tsanani', sai edita ya ce ban yi kuskure ba amma ban kai ba, kuma bai tsaya yi min bayani ba saboda lokacin labarai ya matso. Dan Allah mece ce ainihin ma'anar kalmar nan, daga ina ta fito, kuma meye bambancinta da strict ko harsh? Wata ƙawata ta ce wai daga dragon ne."

Wa alaikumus salam ƙanwata. In na fahimce ki abu uku kike so, ma'anar kalmar, asalinta, sannan abin da editanki ya hango wanda ke ba ki hango ba. Zan fara da na ƙarshen a taƙaice don hankalinki ya kwanta: gaskiyar editan ne. Draconian ba tsanani kawai take nufi ba, tsanani ne da ya wuce girman laifin, kuma duk wanda ya furta ta to ƙorafi yake yi, ba siffantawa kawai ba. Ƙawarki kuma ba ta faɗi daidai ba amma ba ta yi nisa da hanya ba, za mu zo wurin.

Sunan mutum ne

Kalmar daga sunan wani mutum ta fito, Dirako, wanda Turawa ke rubutawa Draco, mutumin birnin Atina ta ƙasar Girka. Wajen shekara ta 621 kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam aka ɗora masa aikin rubuta dokokin birnin. Kafin shi akwai doka amma a ka take, tana bakin manyan gari masu asali da dukiya, su ne alƙalai su ne masu fassara ta, talaka bai san iyakar laifinsa ba sai an yanke masa. Ga kuma ramuwar gayya tsakanin dangi, a kashe naku ku kashe nasu, abin ya yi ta jan zare. Shekaru kaɗan kafin nan ma wani mai suna Kilon ya yi yunƙurin ƙwace mulkin birnin da ƙarfi bai yi nasara ba, aka karkashe mabiyansa bayan sun nemi mafaka a wurin bauta an kuma yi musu alƙawarin aminci, wannan jinin ya daɗe yana damun garin. To a irin wannan yanayin Dirako ya zo ya rubuta doka aka kafa ta a allunan katako a fili, duk wanda ya iya karatu ya je ya gani da idonsa.

Kin ga a nan abin yabo ya yi. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ya rubuta ɗin. Marubucin tarihi Pulutak ya ce kusan kowane laifi hukuncinsa kisa ne, wanda aka kama da zaman banza kisa, wanda ya saci kabeji ko 'ya'yan itace a gonar wani hukuncinsa ɗaya da wanda ya kashe rai ko ya yi sata a wurin bauta. Ya kuma kawo cewa an tambayi Dirako me ya sa haka, sai ya ce ai a ganinsa ƙananan laifukan sun cancanci kisa, manyan kuma bai samu abin da ya fi kisa ba ne da zai ɗora musu. Wani mai iya magana na Atina, Demades, wanda ya zo shekaru kusan 300 bayan Dirako, ya ce dokokin nan da jini aka rubuta su ba da tawada ba, kuma maganar nan tasa har yau Turawa na maimaita ta. Masanin falsafar Girka Aristotul ma da ya zo kansu cewa ya yi babu wani abin a zo a gani a cikinsu in ban da tsananin hukunci.

Dokokin ba su yi ƙarko ba. Wajen 594 kafin haihuwar Annabi Isa aka ba wani ɗan siyasar Atina mai suna Solon ragamar gyara, ya soke su duka ban da ta kisan kai, shi ne kuma ya hana a mayar da ɗan gari bawa saboda bashi. Wato ko shekara 30 ba su cika ba, amma sunan ya fi shekara 2,600 yana yawo a bakin mutane.

Akwai wani abu da nake son ki riƙe, don yana nuna yadda suna ke ɓaci. Ita dokar kisan kan da Solon ya bari, ita kaɗai ce muke da nassinta, saboda a shekarar 409 zuwa 408 kafin haihuwar Annabi Isa mutanen Atina sun sake sassaƙa ta a jikin dutse, kuma dutsen yana nan a gidan adana rubutun duwatsu na birnin duk da wani ɓangaren ya goge. To abin da ke jikin dutsen ba na marar imani ba ne ko kaɗan. Ta raba kisan ganganci da wanda ba a yi niyya ba, wanda ya kashe ba da niyya ba hukuncinsa barin gari ne ba kisa ba, kuma dangin mamaci na kusa, uba da 'yan'uwa maza da 'ya'ya maza, suna iya yafe masa in dukkansu sun yarda, in mutum ɗaya ya ƙi to ba yafiya. Mu da muka san hukuncin ƙisasi da afuwar magada wannan ba zai zo mana baƙo ba, ko da yake ba abu ɗaya ba ne. Labarin kabeji kuma daga Pulutak ya zo mana, shi kuwa tsakaninsa da Dirako akwai shekara wajen 700, don haka masana tarihi da dama suna karɓarsa da taka-tsantsan, suna ganin an yi masa ƙarin gishiri a hanya. Akwai ma tatsuniyar mutuwarsa, wai ya shiga gidan wasa a tsibirin Ejina masoya suka yi ta jefa masa riguna da huluna don girmamawa har suka danne shi numfashinsa ya ɗauke. Wannan ki ɗauke ta a matsayin hira kawai. Amma harshe ba ruwansa da binciken masana, abin da ya shahara shi yake ɗauka, sai Dirako ya zama tambarin mugun hukunci.

Maganar ƙawarki ta dragon: sunan Dirako a Girkanci, Drakon, ma'anarsa ƙaton maciji ne, kuma daga wannan kalmar Turanci ya samo dragon ta hanyar Latin da Faransanci. Tun a can baya ma Girkawa da kansu sun yi wannan wasan, Aristotul ya ruwaito wani yana cewa dokokin nan ba na mutum ba ne na maciji ne. Saboda haka tushe ɗaya ne, amma in Bature ya ce draconian law ba dodo yake nufi ba, mutumin yake nufi. Akwai 'yar'uwarta draconic, ita takan ɗauki ma'ana biyun, amma ba kasafai za ki gamu da ita a labarai ba.

Kuma irin wannan ginin ba baƙo ba ne a wurinmu, don in Bahaushe ya ce wane yana Fir'aunanci ai ba ya buƙatar ya karanta miki tarihin Masar, sunan ya riga ya zama hali. Haka Bature ya yi da Dirako, haka ya yi da mutanen Sparta ya ce spartan ga rayuwar da ba jin daɗi a cikinta.

Inda ta bambanta da sauran

Na shekara da shekaru ina koyar da Turanci ina kuma fassarar labarai, kuma abin da na lura shi ne ɗalibai suna ɗaukar strict da harsh da severe da draconian kamar duk buhu ɗaya ne saboda ƙamus ɗin waya yana ba su amsa ɗaya. Ba haka ba ne. Strict mai tsare doka ne ba sani ba sabo, kuma sau da yawa yabo ne, uwa za ta ce tana son makaranta kaza saboda strict ce. Severe girman abu take nunawa ba tare da ta ce daidai ne ko ba daidai ba, shi ya sa ake faɗinta ga ciwo da fari da ambaliya, kuma alƙali zai iya cewa ya yanke severe hukunci yana alfahari da hakan. Harsh ta fara shigowa da ƙorafi, akwai rashin tausayi a cikinta, ana faɗinta ga magana da murya da yanayin sanyi ko zafi. Draconian ita ce can ƙarshe, kuma tana da sharaɗi biyu. Na ɗaya dole a ce abin daga mai iko ya fito, gwamnati ko hukumar makaranta ko shugabannin kamfani, wato doka ce ko hukunci ko mataki. Na biyu dole mai maganar yana ganin abin ya wuce gona da iri, an auna laifi da hukunci an ga hukuncin ya rinjaya nesa ba kusa ba.

Don haka ba a cewa zazzaɓi draconian ne, ba a cewa zafin watan Afrilu draconian ne, duk tsananinsa. Na taɓa ganin ɗalibi ya rubuta a jarabawa cewa kakarsa ta yi fama da draconian malaria, na gane ya haddace kalmar ne yana neman inda zai sauke ta ya burge mai maki, abin dariya abin tausayi. Mutum ma ba a cika kiransa da ita kai tsaye ba, an fi cewa dokokinsa ne draconian, shi kuma a ce masa strict ko a kira shi azzalumi in abin ya kai. Kalmomin da ta fi tafiya da su su ne laws, measures, penalties, rules, restrictions, sai kuma cuts in gwamnati ta zaftare kasafin kuɗi ko kamfani ya rage ma'aikata ba tausayi, wannan na ƙarshen ya nuna miki ma'anar ta ɗan faɗaɗa ta bar kotu ta shiga harkar kuɗi.

Wajen furuci nauyin yana kan gaɓa ta biyu, dra-KO-niyan, ki ja "ko" ɗin. A rubutu da ana sa mata babban baƙi saboda sunan mutum ce, yanzu yawancin jaridu da ƙarami suke rubutawa, duk wanda kika yi ba laifi sai dai ki tsaya kan ɗaya.

Yadda take zuwa a labarai

Su kansu Ingilishi sun yi zamanin irin waɗannan dokoki a tarihinsu. Zuwa farkon ƙarni na 19 laifukan da ake rataye mutum a kansu a Ingila sun haura 200, har da satar kayan sule biyar a kanti, kuma wata doka ta 1723 ita kaɗai ta ƙara laifuka kusan 50 a jerin, ciki har da shiga daji farautar barewa da fuska a shafe da baƙi. Abin da ya biyo baya darasi ne ga masu son irin wannan doka, masu taya alƙali yanke hukunci sukan rage kuɗin kayan da aka sata da gangan don kar a rataye mutum a kan abin da bai taka kara ya karya ba, wato tsananin ya sa dokar ta kasa aiki yadda aka so.

A Najeriya kuwa in kika buɗe tsofaffin jaridun Turanci za ki ga kalmar ta fi manne wa dokokin soja. Doka ta 4 ta 1984 a zamanin Janar Buhari ta haramta buga labarin ƙarya ko wanda zai zubar da mutuncin gwamnati ko jami'inta, kuma da ita aka ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda kan labarin naɗin jakadu, Janar Babangida ya soke ta da ya karɓi mulki a watan Agustan 1985. Doka ta 2 ta ba da damar tsare mutum ba tare da an kai shi kotu ba. Doka ta 20 kuma ta sa hukuncin kisa a kan safarar miyagun ƙwayoyi, aka kuma mayar da aikinta baya ta shafi abin da ya faru kafin a kafa ta, a watan Afrilun 1985 aka harbe mutum uku a Legas a ƙarƙashinta. A baya-bayan nan kuma an ji kalmar sosai a 2019 lokacin da aka kawo ƙudurin dokar kalaman ƙiyayya a majalisar dattawa wanda ya tanadi rataya in kalaman suka jawo mutuwar wani, da ƙudurin dokar kafafen sada zumunta, sai lokacin kullen korona a 2020, sai dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022.

Yanzu ki lura da abu ɗaya a duk misalan nan, waye yake faɗin kalmar? Kullum wanda abin ya taɓa ne, ko lauyoyi, ko ƙungiyoyin kare haƙƙi, ko 'yan adawa. Gwamnatin da ta kafa dokar ba ta taɓa cewa ga draconian law mun kawo muku, ita cewa take tough ko necessary, kuma akwai 'yan ƙasa da dama da suka goyi bayan waɗannan matakan a lokacin suna ganin rashin ɗa'a ya yi yawa sai da haka. Misalin Singafo ya fi fito da wannan fili, a 1992 suka hana shigo da cingam da sayar da shi, a 1994 kuma kotunsu ta yanke wa wani matashi Ba'amurke bulala shida kan ɓata motocin mutane, bayan shugaban Amurka ya sa baki aka rage zuwa huɗu. Jaridun Amurka da yawa suka ce draconian, hukumomin Singafo suka ce ai da irin wannan garinmu ya zauna lafiya. Abu ɗaya ne ya faru, suna biyu aka ba shi. Ni ba lauya ba ne, ba kuma aikina ba ne in yanke miki wace doka ce ta yi daidai wace ce ta zarce, wannan muhawara ce ta masu shari'a da 'yan siyasa, abin da nake da iko a kai shi ne in ce miki kalmar tana ɗauke da ɓangare.

To ya za ki fassara?

Babu kalma ɗaya tilo a Hausa da za ta ɗauke ta a ko'ina, kuma ba na ganin hakan naƙasu ne, sai dai ki duba jimlar ki zaɓa. In maganar hukunci ce, "hukuncin da ya wuce ƙima" ko "hukuncin da ya fi ƙarfin laifin" shi ya fi kusa da asalin ma'anar. In doka ce da ta shafi 'yanci, kamar ta bakin 'yan jarida ko zanga-zanga, "dokar danniya" ko "dokar kama-karya" ta fi zama, don abin da masu ƙorafin ke nufi ke nan. In matakan gwamnati ne irin na kulle ko rusau, "tsauraran matakai" shi gidajen rediyo suka saba da shi, amma ni ina ganinsa da rauni shi kaɗai, saboda gwamna da bakinsa yakan ce zai ɗauki tsauraran matakai a kan ɓata-gari kuma yabon kansa yake yi, kin ga ƙorafin ya ɓace ke nan, sai kin ƙara "da suka wuce gona da iri" kafin ya dawo. In rage kuɗi ne ko ma'aikata, "zaftarewa ta rashin tausayi" ta isa. Fir'aunanci kuwa duk da ita ce ta fi kama da ita a gini, ba na ba da shawarar a sa ta a labarai, nauyinta a kunnen Bahaushe ya fi na draconian a kunnen Bature nesa, tana jawo batun kafirci da jayayya da Allah wanda babu shi a Turancin, ki bar ta wa masu sharhi da masu wa'azi. Kada kuma ki rikita da dokar ta-ɓaci, na sha ganin masu koyo suna yin haka, ita wannan state of emergency ce, abu ne daban da tsarin mulki ya tanada.

Sai babban abin, wanda nake kyautata zaton shi editanki zai faɗa miki da lokaci bai ƙure masa ba. Tunda kalmar zargi ce, dole ki bar ta a bakin mai ita. In kika karanta a iska cewa "majalisa na duba wata dokar danniya", to gidan rediyonku ne ya yanke hukunci, kuma gobe wani daga majalisar zai iya bugo waya ya tambayi dalili, in abin ya yi tsami ma har hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta shigo. In kuma kika ce "doka mai tsanani" kin kare kanki amma kin cinye wa ƙungiyar rabin maganarta, su ba tsanani kawai suka ce ba. Abin da zan rubuta in ni ne a kujerarki shi ne: ƙungiyar ta yi watsi da ƙudurin, wanda ta bayyana a matsayin na danniya, tana mai cewa hukuncin da ya tanada ya wuce ƙima. Sai ki bi da abin da ƙudurin ya tanada ɗin, shekara nawa a gidan yari, tarar naira nawa, a kan wane laifi, sannan abin da masu ƙudurin suka ce in akwai shi a labarin. In babu, ki gaya wa editan a nemo ta bakinsu kafin labaran yamma.